Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Cikin shekara ta 1931, a birnin Holiwud na ƙasar Amurka, kamfanin Paramount yana ɗaukar wani fim mai suna Skippy. Tauraron fim ɗin yaro ne ɗan shekara 8, sunansa Jackie Cooper. Mai ba da umurni kuwa, wato darakta, Norman Taurog ne, wanda ba baƙo ba ne ga yaron, domin mijin ƴar'uwar mahaifiyarsa ne. Labarin na wasu yara biyu ne da ke fafutukar tara kuɗin da za su fanso wani kare daga hannun ma'aikacin gari mai kama karnuka, amma kafin kuɗin su cika aka kashe karen. Da aka zo wurin da ya kamata yaron ya yi kuka, sai hawaye suka ƙi zuwa. Ga ma'aikata tsaye suna jira, ga fitilu na ci, kuma kowace sa'a da ta wuce kuɗin kamfani ne ke tafiya.

Cooper yana da nasa kare na gaske, wanda ke tare da shi a wurin aiki. Ga yaran Turawa kare abokin wasa ne na ƙut da ƙut. Ƙaunar da yaro ke yi masa ta yi kama da wadda ɗan Bahaushe ke yi wa ragon da ya yi kiwo da hannunsa tun yana ɗan ƙarami. Taurog ya san da haka. Sai ya sa mai gadin kamfanin ya janye karen zuwa inda yaron ba ya gani, jim kaɗan aka ji ƙarar bindiga. Yaron ya fashe da kuka irin wanda ba a koya wa kowa, har ya wuce yadda ake bukata, sai da daraktan ya sassauta masa da cewa wataƙila karen bai mutu ba, in ya natsu ya yi abin da aka ce, za a je a duba. Aka ɗauki hoto aka gama, sannan aka fito da karen lafiya lau, ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Fim ɗin ya yi kasuwa ƙwarai. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara, a bikin ba da lambar yabo ta Oscar, wadda ita ce mafi girma a sinimar Amurka, Taurog ya karɓi lambar gwanin masu ba da umurni yana da shekara 32, kuma sai cikin 2017 aka samu wanda ya karɓe ta alhali ya fi shi ƙuruciya. Shi ma yaron an sa sunansa cikin manyan ƴan wasan da ke takara, amma bai samu ba. Barci ma ya kwashe shi a wurin bikin, ya jingina da wata dattijuwar ƴar wasa mai suna Marie Dressler. Tun ba a ƙirƙiro sinima ba Hausawa suka yi wa irin wannan rabo suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kafin a yanke wa Taurog hukunci ya kamata a san abin da ke kai masu wannan sana'a ga irin wannan dabara, domin ba dukansu ne mugaye ba, kuma hujjarsu tana da ƙafar tsayawa. A wasan kwaikwayo na dandali mai kallo na zaune nesa. Ɗan wasa ya ɗaga murya ya rufe fuska da tafi, kowa ya san kuka yake. Kamara kuwa matsowa take yi har fuskar mutum ta cika bango guda, ta nuna motsin leɓe da rawar fatar ido, ta yadda ƙarya kaɗan in ta gilma kowa zai gan ta. Ga shi kuma ba a ɗaukar fim bi da bi kamar yadda labari ke tafiya. Ana iya ɗaukar mutuwar mace da hantsi, a ɗauki ranar aurenta da marece, kuma a maimaita fitowa guda sau 10 ko sau 20. Wanda ya firgita sau 19 bisa umurni, firgitarsa ta 20 ta riga ta yi sanyi. Shi ya sa darakta ke kwaɗayin abin nan da ba ya samuwa sau biyu, wato razanar farko, kuma hanya mafi sauri ta samunta ita ce a ɓoye wa ɗan wasa abin da zai same shi.

Alfred Hitchcock, ɗan Ingila da ya yi suna a Amurka wajen finafinan ban tsoro, ya bi wannan hanya a fim ɗinsa na 1963, Les Oiseaux, wato Tsuntsaye. Ya ɗauko wata mata mai suna Tippi Hedren daga aikin tallar tufafi, ya sa ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar shekara 7, wannan kuwa shi ne fim ɗinta na farko. Akwai wurin da tsuntsaye za su far mata a wani ɗaki na saman bene, kuma an tabbatar mata na inji za a yi amfani da su. Sai da safiyar ranar ɗauka mataimakin darakta ya shaida mata cewa na injin ba sa aiki. Kwana 5 aka yi wasu ƙarti masu safar hannu ta fata suna jefa mata hankaki da tsuntsayen teku masu rai, daga baya ma aka ɗaure tsuntsayen a jikin rigarta da zaren roba don kada su tashi. Da ɗaya ya sare ta dab da ido sai ta durƙushe, likita ya ce sai ta yi hutun mako guda. Abin da mai kallo ke gani na wannan wahala a cikin fim ɗin bai wuce ƴan mintuna kaɗan ba.

Bayan shekara 10, wani darakta ɗan Amurka, William Friedkin, ya yi fim ɗin L'Exorciste, labarin wata yarinya da aljani ya shiga. Yakan harba bindiga ba zato a bayan ƴan wasa domin ya ɗauki zaburarsu. Ellen Burstyn, wadda ta fito a matsayin uwar yarinyar, an ɗaura mata igiya a ƙugu da za a fizge ta da ita ta faɗi ƙasa. Ta roƙi a rage ƙarfin ja, aka ja da ƙarfi, ta samu ciwon baya da bai rabu da ita ba, kuma ƙarar da ta yi ta azaba ita ce aka bari a cikin fim. Sai dai abin da ya fi tsayawa a rai shi ne na William O'Malley. Shi ba ɗan wasa ba ne, limamin Kirista ne na gaske na ɗarikar Katolika, aka sa shi ya fito yana yi wa abokinsa addu'ar ƙarshe a bakin mutuwa. An ɗauka an sake, abin bai gamsar da darakta ba. Friedkin ya matso ya tambaye shi ko ya amince da shi. Limamin ya ce ya amince. Sai ya ɗauke shi da mari, ya sa aka kunna kamara. Rawar da hannun limamin ke yi a wannan fitowa, wadda masu kallo suka ɗauka ta juyayi ce, rawar mari ce. Mai karatu ya lura da jerin abin: sai da aka nemi amana, aka ba da ita, sannan marin ya biyo baya.

Mafi nauyi cikin waɗannan labarai ya faru a birnin Paris cikin 1972, wurin ɗaukar Le Dernier Tango à Paris na Bernardo Bertolucci, ɗan Italiya. Maria Schneider, ƴar Faransa, tana da shekara 19. Abokin fitowarta Marlon Brando yana da 47, kuma duniya ta riga ta san shi. Akwai wata fitowa ta cin zarafin mace, wadda ko da yake kwaikwayo ce, daraktan da Brando sun ƙulla wani salo na wulaƙanci da za a ƙara mata, suka ɓoye wa yarinyar. Cikin 2007 ta shaida wa wata jaridar Ingila cewa hawayen da aka gani nata ne na gaske, kuma ta ji an tozarta ta. Cikin 2013, shekara 2 bayan mutuwarta, Bertolucci ya faɗa da bakinsa cewa da gangan ya ɓoye mata, domin yana son ya ɗauki abin da za ta ji a matsayinta na yarinya, ba na ƴar wasa ba. Ya ce yana jin nauyin laifin amma bai yi nadama ba. Da maganar ta tayar da ƙura cikin 2016, sai ya ce ita fitowar tana cikin rubutaccen labarin da ta karanta, wannan salon kaɗai aka ɓoye. Ko an karɓi wannan bayani nasa, abin da ya amsa ya isa: manya biyu sun yi shawara a kan jikin yarinya, ita ce kaɗai ba a shawarta ba.

Duk wanda ya jera waɗannan labarai zai ga suna gangarowa ne ta hanya guda, daga sama zuwa ƙasa. Yaro ne ɗan shekara 8 a hannun mijin innarsa, da sabuwar shiga wadda yarjejeniya ta ɗaure, da limamin da bai san ƙa'idar sana'ar ba, da yarinyar da ba ta cika 20 ba. Brando kuwa, wanda in ya fusata ya tafi fim ɗin ya rushe, da shi aka zauna aka yi shawara. Da a ce razanar farko ce kaɗai ake nema, ai babban tauraro ma yana da jijiyar da ke razana. Ana zaɓen wanda za a yaudara ne gwargwadon rauninsa, wato wanda ba zai iya ajiye aiki ya kama hanyar gida ba. A nan ne hujjar neman gaskiyar fuska ta fara rauni, domin abin da ke raba wanda aka shawarta da wanda aka mara shi ne iko.

Akwai kuma wani abin da ya ƙara raunana hujjar, daga cikin sana'ar kanta. Wajen shekara ta 1920, a ƙasar Rasha, wani malamin sinima mai suna Lev Kuleshov ya yi wani gwaji da almajirinsa Pudovkin ya ba da labarinsa. Ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa, Ivan Mozzhukhin, fuska a sake, ba fara'a ba ɓacin rai. Ya haɗa ta da hoton kwanon miya, ya sake haɗa ta da hoton akwatin gawa, sannan da hoton wata yarinya mai wasa. Masu kallo suka yi ta yabon gwanintar mutumin, wai ya nuna yunwa a nan, baƙin ciki a can, ƙauna a gaba, alhali kuwa hoto guda ne aka maimaita. Ma'ana, rabin abin da mai kallo ke gani a fuskar ɗan wasa daga zuciyarsa shi mai kallon yake fitowa, kuma mai haɗa hotuna ne ke jan akalarsa. Hitchcock ya san wannan darasi fiye da kowa. Cikin 1964, a wata hira da telebijin ta Kanada, ya gwada shi da fuskarsa: murmushi guda, in an sa shi bayan hoton uwa da jaririnta sai ya zama na dattijon kirki, in an sa shi bayan hoton mace cikin kayan wanka sai ya zama na tsohon banza. Mutumin da ya iya wannan bai rasa hanyar nuna tsoro ba tare da an kai bakin hankaka kusa da idon mace ba.

Wannan ba ya nufin kowace dabara zalunci ce. Cikin fim ɗin Rencontres du troisième type na 1977, Steven Spielberg ya yi aiki da wani yaro, Cary Guffey, wanda bai wuce shekara 4 ba lokacin ɗauka, kuma ba yadda za a bayyana wa mai wannan shekaru cewa ya nuna mamakin ganin baƙin halittu daga sama. Sai ya tsaya bayan kamara yana kwance ƙunshin kayan wasa a hankali, yaron na kallo da murna. A wata fitowar ya ɓoye ma'aikaci cikin rigar goggon biri. Yaron ya ɗan razana da ganinsa, sai mutumin ya cire abin rufe fuskar, ya zamana wanda yaron ya sani ne, razanar ta koma murmushi, kamara ta kwashe duka. Haka nan a fim ɗin Piège de cristal na 1988, Alan Rickman ya yarda a sake shi daga sama ya faɗa kan katifar iska in an ƙirga 3, sai masu riƙe da shi suka sake shi kafin ƙirgar ta cika. Firgitar da ke fuskarsa ta gaske ce, amma ya san zai faɗi, ya san tsawon wurin, ya ga abin da zai tare shi. Daƙiƙa guda kaɗai aka ɓoye masa.

Ma'aunin da ke raba waɗannan da na farko ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya san ciniki. Ɗan kasuwa yana da ƴancin ɓoye nawa ya sayo hajarsa, wannan sirrin sana'a ne. Amma in ya zuba yashi a ƙasan tiya ya rufe da gero, ya yi algus, ko da mai saye ya tafi yana godiya. Ɗan wasa ya sayar da lokacinsa da gwanintarsa, ya yarda a juya shi cikin iyakar abin da aka gaya masa. Bai sayar da lafiyar bayansa ba, bai sayar da mutuncinsa ba. Tambayar da za a yi wa kowace dabara ita ce: in da an gaya masa tun farko irin abin da za a yi, zai yarda? Rickman ya riga ya yarda da faɗuwa, kuma babu uwar da za ta hana a faranta wa ɗanta rai da kayan wasa. Amma babu yaron da zai yarda a sa shi ya gaskata an harbe karensa, kuma Bertolucci ya yi shiru ne domin ya san amsar da zai samu in ya tambaya.

Tarihin sinimar Nijar ma yana da abin cewa a wannan zance, domin ya nuna wata hanya dabam ta samun gaskiya daga ɗan wasa. Cikin 1957, a unguwar Treichville ta birnin Abijan, Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Moi, un Noir tare da wasu samarin Nijar ƴan ci-rani. Babban ɗan wasansa shi ne marigayi Umaru Ganda, haifaffen Yamai, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indoshin, wanda a lokacin yake aikin ƙarfi a Abijan. Kamarar Rouch ba ta ɗaukar murya tare da hoto. Da aka haɗa hotunan sai ya nuna wa Ganda su, ya bar shi ya yi magana a kansu yadda ransa ya ba shi. Wurin da Ganda ke tafiya a bakin ruwa yana kwatanta yaƙi, yana faɗuwa yana tashi, yana zuba abin da ke cinsa, yana cikin wuraren da masana sinima ba su daina ambato ba, kuma fim ɗin ya ci lambar Louis-Delluc ta 1958. Babu mari, babu bindiga a bayan kunne. Sakin linzami aka yi wa mutum, ya kawo abin da darakta ba zai iya rubutawa ba. Gaskiya ne almakashin haɗa hoto ya zauna a hannun Rouch, shi ya sa Ganda bai tsaya nan ba. Ya riƙi kamara da kansa, ya ba da labarin dawowar tsohon soja a fim ɗinsa Cabascabo, sannan cikin 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya zama na farko da ya ci babbar lambar bikin FESPACO a Wagadugu.

Doka ta daɗe kafin ta waiwayi wannan fanni. Tun cikin 1939 jihar Kaliforniya ta kafa dokar kare dukiyar yara ƴan fim daga hannun iyayensu, wato an riga an gane cewa ana iya cinye kuɗin yaro, amma an daɗe ba a lissafa abin da ake ci a zuciyarsa ba. Sai cikin 2018 kamfanin HBO na Amurka ya wajabta sa wani ma'aikaci na musamman a duk fitowar da ta shafi kusantar jiki, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar an gaya wa ɗan wasa komai kuma ya yarda. Cikin Disamba 2024 gidan adana finafinai na Faransa ya soke nuna fim ɗin Bertolucci bayan ƙorafin jama'a, kuma cikin Afrilu 2025 wani kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya fitar da rahoto a kan cin zarafi a sana'ar fim da sauran fannonin nishaɗi. Uzurin da aka daɗe ana fakewa da shi, wai ai aikin ya yi kyau, ba baƙo ba ne ga mai karatu. Ana jin sa a biro, wurin shugaban da ke tozarta ƙaramin ma'aikaci gaban jama'a ya ce yana zaburar da shi ne. Ana jin sa a kasuwa, wurin maigidan da ke tsorata yaron shago da ƙaryar ɓatan kuɗi wai don ya gwada shi. Sau da yawa aikin kan yi kyau ɗin, sai dai ba wanda ya ji zafin ne ke faɗin haka ba.

Jackie Cooper ya girma, ya yi aikin sojan ruwa a yaƙin duniya na biyu, ya dawo sana'arsa, shi ma ya zama darakta a telebijin har ya ci lambar yabo ta Emmy sau 2. Waɗanda suka ga finafinan Superman da aka fara cikin 1978 sun san fuskarsa, shi ne shugaban jaridar da jarumin ke yi wa aiki. Cikin 1981, shekarar da Taurog ya mutu, Cooper ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa. Shekara 50 ke nan cif bayan Skippy, ya yi suna, ya yi dukiya, ya haifi ƴaƴa, ga abubuwa da dama da zai iya sa wa littafin suna da su. Sunan da ya zaɓa roƙo ne na yaro ɗan shekara 8, cewa don Allah kada a harbe masa karensa. Ya rasu cikin 2011 yana da shekara 88.